Yadda Ake Shirya Jarrabawar da Ta Dace da Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman: Jagora ga Malaman Katsina

A yawancin makarantunmu na firamare, daga cikin birnin Katsina har ƙauyukan Daura da Mai'adua, jarrabawar ƙarshen zango salo ɗaya gare ta. Malam ya cika allo da tambayoyi, yara su ɓalle falle biyu daga tsakiyar littafi su kwafa su amsa, in lokaci ya cika a tattara takardu. Yaron da ba ya hango allo daga benci na uku, da yarinyar da sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara biyar, da wanda hannunsa ke karkarwa in ya riƙe biro, duk sukan tashi da makin da bai kai goma ba, a rubuta musu "a ƙara ƙoƙari" da jan biro. Abin da aka gwada a wurinsu shi ne ido da kunne da hannu. Lissafin da Hausar da aka ce za a auna, ba a ko isa wurinsu ba.

Wasu malaman tausayi kan kama su, sai su ƙara wa yaron maki har ya kai 40 don ya haye. Ni a wurina wannan ta fi waccan illa, domin ta fi daɗewa ba a gane ta ba. Yaro zai yi ta hawa aji da makin sadaka har ya isa aji uku na ƙaramar sakandare, ba malami ɗaya da zai iya faɗa maka abin da ya iya da abin da ya rage masa.

Doka ta riga ta yi magana. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa. Sai dai doka ba ta shiga aji ta tsara wa malamin aji huɗu tambayoyin lissafi. Wannan aikin namu ne, kuma ga yadda ake bin sa.

Mataki na farko: san yaron kafin ka taɓa takarda

Kada ka fara da sunan lalura. Yara biyu da ake ce wa kurame na iya bambanta nesa ba kusa ba: ɗaya an haife shi a haka, bai taɓa jin Hausa ba, ɗayan ya kurumce bayan ya iya magana har yana karanta leɓe. Abin da kake nema shi ne me ke shiga tsakanin yaron da amsar. Ka ɗauki mako biyu kana lura, kana rubutawa a littafi na musamman. Yana manna takarda a fuska in zai karanta? Yana juyo kunne ɗaya? Yana amsawa daidai da baki amma in an ce ya rubuta sai ya tsaya? Wane lokaci na yini ya fi natsuwa? Minti nawa yake ɗauka ya kwafi layi biyar, 'yan ajinsu kuma nawa suke ɗauka? Wannan lissafin mintocin zai yi maka amfani nan gaba, kada ka raina shi.

Sannan ka nemi gida. In kai namiji ne, ka sami mahaifin a ƙofar gida bayan la'asar, ka kuma roƙi wata malama ta shiga ciki ta zauna da uwar, domin ita da kaka su suka fi kowa sanin yaron. Iyaye da yawa kan ɓoye lalura don tsoron kada a ce su janye ɗansu daga makaranta, saboda haka tambayar ta zama ta abin da yake iyawa: "Inna, in kin aike shi shago, kaya nawa yake iya riƙewa a ka? Yana kawo canji daidai? A Islamiyya ina ya kai?" Amsar tambayar Islamiyya takan ba mutum mamaki. Yaron da boko ya yanke wa hukuncin daƙiƙi, sai ka ji ya haddace izifi biyu.

In akwai alamar matsalar ido ko kunne, ka ba iyaye shawarar zuwa asibiti tun da wuri. Akwai yaran da tabarau kaɗai ke raba su da duk wannan dogon bayani.

Mataki na biyu: rubuta abin da kake son aunawa, a jimla ɗaya

Nan ne gaɓar da komai ya rataya a kanta, kuma nan aka fi yin tsallake. Ka ɗauko manhajar zangon, gaban kowane batu ka rubuta jimla ɗaya da ta fara da "Ina son in san ko yaron zai iya…". Misali: zai iya tara lambobi masu gida biyu da ajiya, zai iya faɗin hanyoyi uku da ruwan sha ke gurɓata, zai iya karanta gajeren labari ya fitar da ma'anarsa.

Da ka rubuta, sai ka duba: a cikin wannan jimlar akwai rubutu da hannu? Akwai gani? Akwai sauri? A batun gurɓatar ruwa babu ko ɗaya. Wanda ya faɗa da baki, da wanda ya nuna a hoto, da wanda ya yi da maganar hannu, duk sun ba ka abin da ka nema, kuma makinsu cikakke ne. Mai awo a kasuwa da tiya yake auna gero, man gyaɗa kuma da kwalba, kuma ba wanda ya taɓa cewa an yi wa mai sayen mai alfarma.

Amma ka lura da jimla ta uku. In abin da ake aunawa shi ne karatun kansa, to ba za ka karanta wa yaron labarin ba sannan ka ce ya ci karatu, domin ka koma auna saurare. Makaho zai karanta da yatsunsa a rubutun makafi, mai raunin gani zai karanta da manyan baƙaƙe. Wanda bai kai ga karatu ba tukuna, ka auna saurarensa, ka rubuta a sakamako cewa saurare aka auna. Haka in ƙa'idar rubutu ake gwadawa kuma wani ne ke rubuta wa yaron, sai ya riƙa faɗin kalmar harafi bayan harafi. Ƙa'idar ke nan a taƙaice: duk abin da ba ya cikin jimlarka kana iya sauya shi yadda ka ga dama, abin da ke cikinta kuwa ba a taɓa shi.

Mataki na uku: zaɓa wa yaron hanya

Hanyoyi uku ne. Ta farko, jarrabawar kowa da kowa, amma an gyara yanayinta: ƙarin lokaci, manyan baƙaƙe, wurin zama. Ta biyu, darasi ɗaya da nauyi ɗaya, amma an sauya yadda ake tambaya ko amsawa, kamar baki a maimakon biro. Ta uku ita ce jarrabawa ta daban ɗungurungum, mai nata manufofin, ga yaron da jinkirin fahimtarsa ya yi tsanani har manhajar ajin ta yi masa nisa.

Mafi yawan yara na ta farko ne da ta biyu. Ta ukun ta 'yan ƙalilan ce, kuma akwai darasi a yadda Amurka ta yi da ita. Dokarsu ta ilimin masu naƙasa, a gyaran 1997, ta tilasta wa jihohi su samar da irin wannan jarrabawa ta daban kafin tsakiyar 2000. A 2015 wata doka ta ƙayyade cewa waɗanda za a yi wa ita a kowane darasi kada su wuce kashi 1 cikin 100 na ɗaliban da aka jarraba a jiha. Sun sa wannan iyaka ne don kada makarantu su riƙa tura duk yaron da ke ja musu sakamako baya zuwa hanya mai sauƙi. Mu ba mu da wannan ƙa'ida a rubuce, amma jarabar iri ɗaya ce. In a aji mai yara tamanin ka ga ka ware goma za ka yi musu ta daban, to ka sake lissafi, akwai waɗanda yunwa ko fashin makaranta ko rashin tabarau ne matsalarsu.

Kada mutum ɗaya ya yanke wannan hukunci. A zauna da hedimasta, da malamin aji, da uba ko uwa, da wakilin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, in zai samu, da yaron kansa in ya yi wayo. A rubuta abin da aka amince a falle ɗaya, kowa ya sa hannu, a sake duba shi kowace shekara. Kuma hukuncin na darasi-darasi ne: yaro na iya bin hanya ta farko a lissafi, ta biyu a Turanci.

Yaron da shan-inna ya taɓa wa ƙafa, hannunsa da kansa lafiya lau, abin da yake buƙata aji ne da zai iya shiga, da benci a bakin ƙofa, da hanyar zuwa bayan gida. Ban ga dalilin rage masa ko tambaya ɗaya ba.

Mataki na huɗu: gyara jarrabawar gwargwadon abin da ke tare yaron

Mai raunin gani, har da zabiya, allo ne babban abokin gabarsa. Ka ba shi tambayoyin a takarda a hannunsa. In za a buga a kwamfuta, girman baƙaƙe ya kama daga 18 zuwa sama, masu kauri, baƙi wuluk a kan fara, kuma ka duba kwafin da ya fito daga shagon hoto, domin in tawada ta yi ƙasa aikin ya ɓaci. In babu kuɗin bugawa, maka baƙa da farar takarda sun wadatar. Ka zaunar da shi inda haske ke zuwa daga bayansa ko gefensa. Zabiya musamman, hasken taga a fuska azaba ne gare shi.

Makaho da ya koyi rubutun makafi, wato tsarin ɗigo shida da Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙira, a ba shi takardarsa a haka. Wannan yana buƙatar shiri tun makonni kafin jarrabawa, kuma malaman Makarantar Makafi da ke Katsina su ne mutanen da za ka nema, don juya tambayoyin da kuma karanta maka amsoshin bayan an gama. Ka tuna yatsa gida ɗaya yake karantawa a lokaci guda, ba ya leƙa ƙasan shafi ya dawo kamar ido, shi ya sa ƙarin lokacinsa ya fi na kowa. Tambayar da ta dogara da zane, kamar "rubuta sunayen sassan wannan tsiro", kada ka soke ta ka bar shi da giɓi. Ka tsigo gyaɗa ko wake da saiwarsa ka sa masa a hannu ya nuna maka saiwa da kara da ganye. Siffofin lissafi a yanka su da kwali, ko a manna zare a kan layin zanen.

Wanda bai koyi rubutun makafi ba, a yi masa da baki. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsangaya ta daɗe tana auna hadda da kunne, alaramma ya ja baƙi ɗalibi ya ɗora, kuma a musabaƙar Alƙur'ani makaho da mai ido alƙalai ɗaya ke sauraren su da ma'auni ɗaya. Abin da za mu ƙara kawai shi ne tsari: tambayoyin a rubuce tun kafin a zauna, amsar da ake nema da makin kowace gaɓa a rubuce, malami na biyu yana zaune yana rubuta abin da yaron ya faɗa, ko a naɗi muryar a waya.

Mai karanta wa yaro da mai rubuta masa suna da ladubba, kuma sai an zaunar da su an gaya musu. Mai karantawa ya karanta abin da ke takarda kawai, ya maimaita in an buƙata, amma kada muryarsa ta yi nauyi a kan amsar da ke daidai, abin da kan faru ba da niyya ba a tambayoyin zaɓi. Mai rubutawa ya rubuta abin da aka faɗa ko da kuskure ne, sannan ya karanta wa yaron ya tabbatar. Kada ya zama malamin darasin, kada kuma ya zama yayan yaron. Zuciya ba ta jure ganin ɗan'uwa na faɗin kuskure.

Batun kurma ya fi kowanne wuyar sha'ani, domin matsalarsa a jarrabawa ta harshe ce. A gida da kasuwa yana amfani da maganar hannu irin ta Hausawa, wadda ta daɗe a garuruwanmu. A makarantun kurame, irin ta Malumfashi, ana koyar da maganar hannun da tushenta na Amurka ne, wadda ta shigo ƙasar nan ta hannun Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Biyun ba ɗaya ba ne. Saboda haka kafin ka nemo tafinta, ka tabbatar da wacce yaron ya iya. Ga kuma Turancin takarda, harshen da bai taɓa ji ba ko sau ɗaya. Ka sassauta ginin jimlar, ka bar nauyin darasin yadda yake. Jimla gajera, umurni ɗaya a kowane layi, a guji tambaya irin "wanne ne ba ya cikin waɗanda ba su…". Kalmomin fannin kuwa, irin sunayen sassan jiki ko alamomin lissafi, a bar su, domin su ake gwadawa. Ka yi misali ɗaya a saman kowane sashe don ya ga irin amsar da ake so. Wajen maki, in kimiyya ake aunawa kada ka yanke shi don jerin kalmominsa ya bi tsarin maganar hannu. Shifta kuwa ba ta da ma'ana gare shi: ka nuna hoto ko abu, ya rubuta sunansa. Akwai wani tarko da tafinta ya kamata ya sani, wasu alamomin hannu suna zana abin da ake tambaya. In tambayar ita ce kusurwa nawa ne a alwatika, kuma alamar ta zana alwatikar a iska, an ba da amsa. A irin wannan wuri sai a nuna kalmar a takarda.

Mai karkarwar hannu ko sanƙarewar gaɓoɓi: a naɗe biro da tsumma ko roba ya yi kauri, a manne takardar a tebur da salatif, a bar fili mai faɗi na amsa. In rubutun ya gagara, ya yi nuni da yatsa, ko a jera katuna uku a tebur nesa da juna ya dubi wanda ya zaɓa. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara fahimtarsu garau take, jikin ne ba ya ba su haɗin kai, kuma su aka fi zalunta da zaton ba su gane komai. Mai in'ina kuma baki ne ke ba shi wuya, ba hannu ba, a rage masa na baki a gaban aji, in ya zama dole a yi shi daga shi sai malam, ba agogo.

Mai sikila da mai farfaɗiya tambayoyinsu na kowa ne, ranar ce abin dubawa. Jarrabawar zangon farko kan faɗo a farkon hunturu, lokacin da sanyi ke tayar wa masu sikila da ciwo. A sa ranar ramuwa a cikin jadawali tun farko, da wasu tambayoyin masu nauyi ɗaya, a bar shi ya shiga da ruwan sha, ya fita in ya matsu. Wanda farfaɗiya ta buge da safe ba a zaunar da shi jarrabawa a wannan ranar, ko da ya ce ya warware.

Ƙarin lokaci nawa? Nan ne mintocin da ka rubuta a mataki na farko za su yi aiki. In 'yan aji na kwafar layi biyar a minti huɗu shi kuma a shida, to rabin lokaci za ka ƙara masa, jarrabawar awa ɗaya ta zama awa ɗaya da rabi. Mai rubutun makafi na iya kaiwa ninki biyu a lissafi. Amma ƙarin lokaci ga yaron da ke gajiya horo ne. Gara a raba masa takardar gida biyu, da hutu a tsakani ko a kwana biyu.

Mataki na biyar: gina jarrabawa ta daban ga mai tsananin jinkirin fahimta

A nan ba takardar rana ɗaya ake yi ba, shaida ake tarawa tsawon zango. Ka zaɓi manufofi kaɗan, huɗu zuwa shida sun isa, kuma kowace ta kasance tana da jijiya a darasin da 'yan ajinsa ke yi. Ina jaddada wannan domin abin da aka saba shi ne a ba irin wannan yaro shara da goge allo a ce ana koya masa rayuwa. In aji uku na koyon lissafin kuɗi da canji, shi manufarsa ta zama ya bambance naira 50 da 100 da 200, ya kuma miƙa wadda ta dace in an ce masa kuɗin biskit. In suna karanta labari, shi ya jera hotuna uku na labarin daga farko zuwa ƙarshe. In suna kimiyyar tsabta, shi ya nuna matakan wanke hannu a jere.

Kowace manufa a rubuta ta yadda baƙon malami zai iya gwada ta ba tare da ya tambaye ka ba. "Ya san kuɗi" ba manufa ba ce da za a iya aunawa. "In an ajiye masa takardun kuɗi uku aka ce ya ɗauko naira 100, zai ɗauko daidai sau huɗu cikin biyar" ita ce ake nema. A yi amfani da kayan gaske: kuɗin gaske, marafan lemo ko ƙwallayen dabino don ƙirga, buta da sabulu. Ka riƙa sauya wurin da ka ajiye amsar daidai, domin yaro na iya gane cewa kullum tana hannun dama.

Makin kuma ya nuna yawan taimakon da ya buƙata, domin a nan ci gabansa ke bayyana:

4: ya yi da kansa
3: ya yi bayan an tuna masa da baki
2: ya yi bayan an yi a gabansa ya gani
1: ya yi an riƙe hannunsa
0: bai yi ba ko ya ƙi

Ka fara da ba shi dama shi kaɗai, ka ƙirga daƙiƙa goma a zuci kafin ka sa baki. Malamai mun cika gaggawa, shirun daƙiƙa goma kan yi mana tsawo, alhali sau da yawa amsar na hanya. In bai yi ba sai ka sauko mataki ɗaya. Yaron da ya fara zango a 1 ya ƙare a 3 ya yi tafiya mai nisa, wadda jarrabawar allo za ta rubuta wa sifili a farko da sifili a ƙarshe.

Gwaji ɗaya ba ya zama hujja. A gwada kowace manufa aƙalla sau uku a ranaku dabam-dabam, sau ɗaya a hannun wani malamin, sau ɗaya kuma a wajen aji, misali wurin mai sayar da ƙosai a bakin makaranta lokacin tara. Irin waɗannan yara kan iya abu a tebur ɗaya da mutum ɗaya, a sauya wuri ya ɓace musu, kuma wanda ya tsaya a tebur bai zama nasu ba tukuna. Malaman da suka yi aiki da shirin RANA na karatu da lissafi da Hausa, wanda aka gudanar a Katsina da Zamfara, sun saba da zama da yaro ɗaya-ɗaya ana gwada shi, a nemi taimakonsu.

Duk shaidar a tara ta a fayil ɗaya: takardar manufofi, jadawalin maki da kwanan wata, ayyukan hannunsa, da abin da iyaye suka ce sun gani a gida. Hoto ko bidiyo na waya na da amfani, amma da izinin iyaye, kuma ya tsaya a fayil. Ɗora hoton yaro mai lalura a Facebook ko zauren WhatsApp don a yaba wa makaranta cin amana ne, ko da niyyar ta yi kyau.

Mataki na shida: gwada kayan kafin ranar

Duk gyaran da yaro zai gani a jarrabawa, ya riga ya saba da shi a aji da gwaje-gwajen tsakiyar zango. Wanda bai taɓa yin shifta ga mai rubuta masa ba, ranar farko zai daburce. Ka kuma ba wani malami amsoshin yaro ɗaya ya yi musu maki ba tare da ya ga naka ba. In kun yi nisa da juna, ma'aunin ne bai fito sarai ba, a gyara shi.

Mataki na bakwai: katin sakamako

Wanda ya bi hanya ta farko ko ta biyu, makinsa daidai yake da na kowa, ya shiga jerin aji, in ya zo na ɗaya a kira shi na ɗaya a gaban taro. Za a sami iyayen da za su yi ƙorafin an ba shi ƙarin lokaci, sai hedimasta ya nuna musu cewa tambayoyin da ma'aunin makin ɗaya ne. Bayanin gyaran da aka yi masa ya zauna a fayil, ba sai an rubuta a fuskar kati ba.

Wanda ya bi ta uku ba a sa shi a jerin na ɗaya zuwa na tamanin, domin ba tsere ɗaya suka yi ba. A liƙa wa katinsa falle mai layi uku ga kowace manufa: inda ya fara, inda ya kai, abin da ke gaba. A rubuta da Hausa, a kuma karanta wa iyayen baki da baki. Uba da ya ji an ce "Alhaji, yanzu yana bambance ɗari da ɗari biyu da kansa, a riƙa aiken sa da kuɗi ɗaya-ɗaya" ya sami abin yi a gida, ya kuma sami dalilin sake turo shi zango mai zuwa.

Mataki na takwas: jarrabawar waje

Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da WAEC da NECO da JAMB ba a hannunka suke ba, amma shirin yana hannunka. Hukumomin nan na tanadar wa masu buƙata ta musamman abubuwa irin su takarda a rubutun makafi ko manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci, sai dai ba sa yin duba. A wurin rajista ake bayyana lalurar ɗalibi, in aka bari sai ranar jarrabawa, takardar da aka buga ta riga ta iso a ɗaure. JAMB tun 2017 tana da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a keɓaɓɓun cibiyoyi, kuma Kano na cikinsu. Makafin da suka saba da kwamfuta mai karanta rubutu da murya, irin manhajar NVDA wadda kyauta ce, sun fi samun sauƙi a wannan matakin da ma jami'a, saboda haka a fara koya musu tun ƙaramar sakandare.

Fayil ɗin nan da ka tara shi ne hujjar da shugaban makaranta zai gabatar in ya je neman gyara, tare da takardar likita. Saboda haka in yaro zai bar firamare, a yi kwafi biyu, ɗaya a hannun iyaye, ɗaya hedimasta ya aika wa makarantar da zai shiga ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da lambar wayar malamin ajin da ya fi sanin sa a shafin farko.